Ku Tambaya Mu Amsa: Ciwon kofato da ke kassara namun dawa a Amurka, zai iya zo mana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni gidanmu gidan maharba ne tun kakanni, duk da yanzu noma da ɗan kiwo nake a gefen Maradi. Ɗan wana da ke tuƙin babbar mota a Amurka ya turo mini bidiyo a WhatsApp, wata dabba mai kama da barewa amma ta kusa girman saniya tana ɗingishi, kofatonta ya yi tsawo ya lanƙwashe. Ya ce sunanta elk, kuma wai maharban can suna kuka garken na ƙarewa, suna cewa maganin feshi ne ya jawo. Shin boru ne? Zai iya zuwa ga bisashenmu? Kuma ko shi ne ya cinye mana namun dawa mu ma? Daga mai karatunku, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ba boru ba ne. Boru ƙwayar bairos ce, kuma kai ka fi ni sanin kamanninta, zazzaɓi, dalalar miyau, ƙuraje a baki da harshe da tsakanin kofato, babbar dabba ta sha wuya mako biyu ta miƙe, sai dai ƙanana ne ke yawan mutuwa. Wancan na bidiyon kuwa bakteriya ce, dangin da masana ke kira Tireponema, ba ta taɓa baki, ƙafa kawai take ci. Tana farawa da gyambo a fatar da ke tsakanin kofato, gyambon ya ci ya shiga ƙarƙashi, kofaton ya yi ta tsawo yana karkacewa, daga ƙarshe ya kan fita gaba ɗaya dabbar ta koma taka ɗanyen nama. Ka tuna namijin elk na iya haura kilo 300, duk wannan nauyin a kan ƙafar da ba kofato, ga sanyi ga tsauni. Abin tausayi ne wallahi, ba ta iya bin garke, ba ta iya kiwo yadda ya kamata, sai rama, sai yunwa ko namun da ke farautarta su ƙarasa ta.

Wurin da abin ya fi tsanani shi ne kudu maso yammacin jihar Washinton, jihar da ke bakin tekun Pasifik ba babban birnin ƙasar ba, musamman garken da ke kewayen dutsen Sant Helen, dutsen nan da ya yi aman wuta a 1980, da na tuddan Wilapa. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake ganin masu ɗingishi jifa-jifa, amma daga 2008 rahotanni suka yawaita sosai, daga baya aka tabbatar da cutar a jihohin Oregon da Aidaho, sannan Kalifoniya a 2020. Yanki ne mai ruwan sama da yawa, ƙasa kullum a jiƙe, kuma laka da damshi su ne abokan wannan ƙwaya. Dabba mai ciwo ta taka wuri, mai lafiya ta zo ta taka, shi ke nan. Ƴar uwar cutar an daɗe da saninta a shanun madara, tun 1974 aka bayyana ta a Italiya, can ana wanke ƙafar saniya a shafa magani, a sa ta bi ta cikin kwamin ruwan magani. To wa zai kama dabbar dawa dubbai ya wanke musu ƙafa? Shi ya sa har yau ba rigakafi ba maganin da za a iya kai musu daji.

Maganar feshi kuma, ɗanka bai yi ƙarya ba, haka maharba da yawa ke faɗa. Dazukan yankin da yawa na kamfanonin katako ne, in sun sare itatuwa sun dasa sabbi sai su fesa maganin kashe ciyawa don kada haki ya danne dashen, su kuma maharba suna ganin wannan ya rage abincin dabbobin ya raunana jikinsu. Bincike dai ƙwayar cutar ya nuna, ba a tabbatar feshin ne ke kawo ciwon ba. Amma ni a ganina bai kamata a yi watsi da maganarsu ba, don dabbar da ba ta ƙoshi kowace cuta ta fi saurin kayar da ita, kuma su ne mutanen da ke cikin dajin da asuba, suna cikin waɗanda suka fara ganin sawu ya canza suka yi ta kai ƙara. Matsin lambar jama'a ne ya kai ga majalisar jihar ta ɗora wa Jami'ar Jihar Washinton jagorancin binciken a 2017. Akwai lokacin da aka wajabta wa maharbi a wasu yankuna ya yanke ƙafafun ya bar su inda ya harbe dabbar don kada ya kai cutar wani daji, daga baya kuma hukumar namun dawa ta koma ƙarfafa musu gwiwa su harbi masu ɗingishin su kawo kofaton a duba.

Raguwar garken kuwa ba ciwon kaɗai ba ne. Itatuwan da suka tsiro bayan aman wutar sun girma sun rufe ƙasa da inuwa, ciyawa ta ragu, ga shekarun da aka ƙara ba da izinin harbin matan elk da gangan don a rage yawansu, ga hunturu mai tsanani. Ciwon ya zo ya tarar da garke da ma a gajiye.

Namu dajin Baba, ba kofato ne ya cinye shi ba, kuma ka san haka ko ban faɗa ba. Farin 1973 da 1974, sannan na 1984, gonaki da suka ci daji har ba sauran saura, gatari, da bindiga da mota da suka maye gurbin kwari da baka. Inda kakanninka ke bin sawun gwanki da barewa yau gero ne da wake, maharbi ya wuni ya dawo da zomo ko zabon daji. Abin da ya rage mana a jihar Maradi sai irin gandun Gadabeji a yankin Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, kadada 76,000, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 2017, kuma a 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure ta wajen Yamai aka kai can bayan shekaru masu yawa babu su. Ga dajin Baban Rafi ta wajen Madarunfa. Ina roƙon maharbanmu, ku da kuka san sawu da makwanci fiye da kowa, in kun ga dabbar dawa na ɗingishi ko kun tsinci mushe fiye da ɗaya a wuri guda, ku sanar da ma'aikatan gandun daji, kada ku ce ba ruwanku.

Batun zuwanta nan, hankalinka ya kwanta, elk ba ta rayuwa a ƙasashenmu kuma wannan ƙwaya laka da damshi ta fi so, ba busasshen rairayi irin namu ba. Abin da ya fi kusa da kai shi ne ruɓewar kofato ta tumaki da awaki, wadda ke tashi da damina, musamman masu kiwo a fadamun Gulbi ko garken da ruwa ke kwanciya. Alamarta ɗingishi, akuya ta riƙa kiwo a durƙushe kan gwiwa, in ka ɗaga ƙafar ka buɗe tsakanin kofaton za ka ga ya jiƙe ya yi fari-fari, ga wari mai ƙarfi. Ka ware ta daga sauran nan take, ka ɗaure ta a busasshen wuri, ka kwashe taki ka zuba yashi a turken, ka datse kofaton da ya yi tsawo da wuƙa mai tsabta, sannan ka kira likitan dabbobi ya ba da maganin wanki ko allura, kada ka sayi na kan tebur a kasuwa ka yi ta ɗirkawa. Duk wadda ka sayo kuma, ko jar akuya ce mai kyan gani, ɗaga ƙafafunta huɗu ka duba tun a kasuwa, in ka kawo ta gida ta yi mako biyu ko uku ita kaɗai kafin ta shiga garke.