Hoton Baƙi da Fari Yana Fitowa Kore-Kore

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ina da ɗan shagon hoto a Ringim, firinta ta Epson L805 ce, in na buga hoton baƙi da fari sai ya fito kore-kore, wace tawada zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai L805 tawada 6 gare ta amma babu ruwan toka a ciki, shi ya sa take cakuɗa kalolin ta haɗa tokar da kanta, da awon ya ɗan kauce sai ka ga farar babbar riga ta yi kore. In da hali ka nemi firinta irin Epson L8180, ita tana da tawadar toka tata daban, fuskar dattijo da furfurarsa fes suke fitowa.

Tawada kuma iri biyu ce, dai (dye, mai narkewa cikin ruwa) da figiment (pigment, mai ƙananan ƙwayoyin launi). Figiment ta fi jure rana da ruwa, amma don Allah kar ka ɗura ta a firintar da aka yi don tawadar dai irin taka, kan da ke fesa tawada zai iya toshewa kuma gyaransa akwai tsada wallahi. Kafin ka samu wata firintar, gwada saitin gireskel (wato saitin buga baƙi da fari) a takarda marar sheƙi, sannan ka riƙa rufe firintar lokacin hunturu saboda ƙura.