Minsharin maigida: robar hanci zan saya ko inji?

Tambaya: Salam Anti, daga Aboabo nake a Kumasi. Maigidana direban lori ne, Kumasi zuwa Tamale. Minsharinsa har maƙwabta na ji, wani lokaci sai ya yi tsit kamar rai ya fita, can sai ya zabura yana shaƙewa. Na ga wata roba da ake maƙalawa a hanci a kasuwar Kejetia, ƙanensa na Jamus kuma ya ce zai aiko da injin CPAP (mai tura wa mutum iska ta hanci lokacin barci) na hannu. Wanne ya fi? Ko in koma ɗakin yara kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Riƙe sidinki tukuna, kar ki sayi komai. Wallahi shirun nan da kika ce yana yi shi ya tada min hankali, ya fi minsharin. In barci ya yi nauyi naman maƙogwaro na saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta fizgo shi ya ja iska, shi bai ma san an yi ba, da safe ya tashi da ciwon kai da bushewar baki. In ya kai sau 5 a awa ɗaya likitoci na ɗaukarsa ciwo, sau 30 kuwa ya yi tsanani, kuma yana jawo hawan jini har da shanyewar ɓarin jiki. To ki duba, mutum mai gyangyaɗi da rana ga sitiyari a hannu a hanyar Kintampo, dan Allah kar a kai wata biyu ana shawara.

Mazanmu dai kin san su, zai ce ai gajiya ce. Ki nemi izininsa ki ɗauke shi a waya dare ɗaya, ki tabbata shirun da zaburar sun fito, ki nuna masa ku biyu kaɗai bayan ya ci ya ƙoshi, ban da gaban yara ko abokansa. Sannan ku tafi asibitin Komfo Anokye ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro, a auna jininsa, ku tambayi gwajin barci.

Robar Kejetia hanci kawai take buɗewa, matsalar kuwa can ƙasa take. CPAP shi ne maganin da ya fi aiki amma ƙarfin iskarsa sai an saita wa mutum bayan gwaji, abin rufe hancin ma kowa da girmansa, ga dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, sai an tanadi batir. Ƙanen ya jira takardar likita kafin ya aiko.

Kafin nan ya riƙa kwana a gefe, rigingine ke ƙara abin, ya rage teɓa in akwai, maganin barci kuma ko ƙwaya ɗaya kar ya sha.

Ɗakin yara ki je ranar da kika galabaita, ke ma kina da haƙƙin barci, amma ki gaya masa dalili da bakinki kar ya ɗauka yaji kika yi. Allah ya ba shi lafiya.