Tsatsa ta huda ƙasan motata: faci zan yi ko walda?

Tambayoyin wannan mako sun karkata ne kan tsatsa, kuma ba abin mamaki ba ne, don duk lokacin da damina ta janye sai masu tsofaffin motocin shiga daji su fara ganin ɓarnar da ruwa ya bari.

Wani manomi daga Dukku ya rubuto cewa: "Hilux ɗina tsohuwa ce, da ita nake kai taki gona. Na ɗaga tabarmar roba sai na ga rami kamar faɗin tafin hannu a inda direba yake taka ƙafa. Wani ya ce zai liƙe mini da faiba a yini ɗaya, da araha. Mai walda kuma ya ce sai an yanke wurin an sa sabon ƙarfe, motar ta kwana a gareji. Wanne zan zaɓa?"

Malam, walda za ka yi. Faiba, wato zaren gilashi da ake liƙawa da gam, ba ta kashe tsatsa, rufe ta kawai take yi. Ƙarfe yana lanƙwasa yana motsi idan mota ta hau hanyar gona, faiba kuwa ba ta bin sa daidai, sai bakin facin ya ɗan buɗe, ruwa ya shige tsakani ya zauna. Damina ɗaya ko biyu, ramin ya ninka. Kuma kada ka yi jinkiri da wannan rami, don hayaƙin salansa yana iya shigowa ta nan, kuma akwai guba a cikinsa wadda ba ta da wari.

Kafin ku yi ciniki da mai walda, a kwance kujerun gaba, a cire kafet gaba ɗaya, a kankare baƙin abin nan mai kama da kwalta da kamfani ya shimfiɗa a kan ƙarfen don rage ƙara. Yawanci a ƙarƙashinsa tsatsar take ɓuya. Sai ka ɗauki sukudireba ka riƙa dannawa da ƙarfi a kewayen ramin. Inda ya nutse ko ƙarfen ya ɓarɓashe, ya mutu. A zana layi da alli a yanke har sai an wuce bakin tsatsar da santimita 2 zuwa 3, wato sai an kai ƙarfe mai haske wanda yake da cikakken kaurinsa. Wanda ya yi rowar yanka zai ɗora sabon ƙarfe ne a kan ruɓaɓɓe.

Ƙarfen da za ka saya ya zama fallen baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 1 zuwa 1.2. Kada a sa maka kwanon rufin ɗaki, ya yi siriri ƙwarai, kuma farin abin da aka shafe shi da shi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa idan wuta ta taɓa shi. Kada kuma a ce za a burge ka da ƙarfe mai kaurin milimita 3, don ba zai lanƙwasu ya bi siffar wurin ba, kuma wutar da za ta narka shi za ta ƙone siririn ƙarfen motar. Idan an samu ƙasan irin motarka mai lafiya a wurin masu sayar da kayan motocin da aka yanka, ya fi komai, saboda yana da kwarin nan da kamfani ya buga masa don ƙarfi. In babu, a yanka kwali daidai da ramin, a ɗora a kan fallen ƙarfen a fitar da faci, ya shiga baki da baki. Idan aka ɗora shi ya hau kan tsohon ƙarfe, tsakanin nan biyu ya zama ma'ajiyar ruwa, sai dai a cike shi da abin toshe gaɓa ta sama da ta ƙasa.

Ka tsaya da kanka ka ga an cire kan batir, an leƙa ƙasa an kauda bututun mai, bututun birki da wayoyi daga inda wuta za ta bi, kuma akwai mutum a gefe da tukunyar kashe gobara. Waldar lantarki ta masu ƙera ƙofa da taga tana huda ƙarfe siriri. Waldar MIG, wadda inji yake turo siririyar waya tare da iskar gas, ta fi dacewa, amma ba kowane gareji yake da injin ba. Ƙwararren mai gyaran bodi zai iya da waldar gas, muddin yana ɗiga ta kaɗan-kaɗan, ɗigo a nan, ɗigo a can, yana barin wurin ya huce, har layin ya haɗe. In ya ja ta a dogon layi ɗaya, ƙarfen zai kumbura ya karkace.

A nan ne yawancin ayyuka suke lalacewa: an gama walda, an fesa baƙin fenti ta ciki, an manta da ta ƙasa. Zafin walda ya riga ya ƙone fentin da yake can, ƙarfen tsirara yake fuskantar laka. A goge layin waldar da giranda, a share da tina, a shafa fentin farko ta ɓangarorin biyu a ranar. Mai sinadarin ifoksi, wanda ake haɗa gwangwani biyu, ya fi jan fentin nan na ƙarfe riƙo. Bayan ya bushe a bi gaɓar da abin toshewa, sannan fenti hannu biyu.

Saura abu ɗaya: daga ina ruwan yake zuwa? Kafin a mayar da kafet, ka zauna a ciki wani ya riƙa zuba ruwa da tiyo a kan gilashin gaba da ƙofofi. Robar gilashi da ta tsage saboda rana, robar ƙofa, ko ɗan tiyon da yake zubar da ruwan na'urar sanyaya mota idan ya toshe, su ne suka fi jiƙa wurin ƙafa. Taki kuma, ko yuriya ko NPK, yana jan danshi yana cin ƙarfe. Ka shimfiɗa leda mai kauri a bayan motar, ka wanke ta duk ranar da ka sauke buhuna, kada kuma ka shiga gaba da takalmin da ya taka shi.

Daga cikin garin Bauchi, wani mai Pajero yana tambaya: "A wurin wankin mota an ce a fesa mini baƙin mai a ƙasa, wani kuma ya ce kwalta. Me zan saya?"

Baƙin mai ka rabu da shi. Yana kumbura robobin ƙafa da na tiyo, yana kama ƙura, idan ya taɓa birki kuwa hatsari ne. Baƙin rufin ƙasan mota da ake sayarwa a shagunan fentin mota yana da amfani, amma a kan ƙarfe mai tsabta da aka yi wa fentin farko. Aka shafa shi a kan tsatsa ko laka, zai tsage ya riƙe ruwa a bayansa. Tsatsar da ba ta huda ba, a kankare ta da buroshin waya, a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, a bi umarnin da ke jikin robar. Cikin shasi kuma, inda buroshi ba ya kaiwa, akwai kakin fesawa da ake zurawa ta ramukan jikinsa. A yi wannan aiki da rani, lokacin da ƙarfe ya bushe ƙarau, kuma a kare salansa da birki daga feshin.

Wani Alhaji daga Gombe zai sayi Land Cruiser 'yar Kwatano. Dillali ya ce babu tsatsa, kuma ƙasanta baƙi ƙirin, sabon fenti.

Alhaji, wannan sabon fentin shi ne abin bincike, don sau da yawa kura ce da fatar akuya. A Kanada, arewacin Amurka da ƙasashen Turai da dama ana watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi ya sa motocinsu sukan zo da tsatsa mai zurfi. A hau da ita kan rami, a ƙwanƙwasa shasi da ƙaramar guduma, musamman ta baya, wajen tanki da inda sifirin yake kamawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsini, ruɓaɓɓe kuwa bif yake yi, yana zubo da ɓawo. A duba wuraren da bodi ya zauna a kan shasi, da inda kujeru da bel suke ɗaure. A ɗaga kafet a shinshina. A manna maganaɗisu a ƙasan ƙofofi, in bai kama ba, an cike wurin da fila, wato kwaɓin da masu gyaran bodi suke cike lotsawa da shi. Rami a inda ake taka ƙafa abin neman ragi ne, ka cire kuɗin gyara daga farashi. Shasi da ya hude kusa da maƙalar ƙafar motar kuwa, shawararmu ka bar musu motarsu.

Wata Hajiya mai kai kaya kasuwar Alkaleri ta ce ko ta sayi sabon kafet bayan gyara. Hajiya, tabarmar roba mai baki a tashe ta fi miki, wadda za a iya zarewa a kakkaɓe. A hana yaran wankin mota zuba tiyo a ciki. In ruwa ya shiga wajen ƙetare rafi, a cire toshen robar da ke ƙasan motar ya tsiyaye, a bar ƙofofi a buɗe a rana har soson da yake ƙarƙashi ya bushe, sannan a mayar da toshen.