Kar ka yarda da mita kaɗai wajen gwada batirin mota, ni abin da ya same ni kenan

Wallahi ɗan'uwa ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta, ka ce motarka mai start-stop (wadda ke kashe injinta da kanta in an tsaya) ta daina kashe kanta a danja, mai wayarin ya ɗora mita ya ga 12.4 ya ce batir lafiyarsa lau. Mitar nan volt kawai take nunawa, batir sai ya nuna 12.5 alhali ƙarfin tada injin ya riga ya tafi. Ka nemi mai na'urar gwajin CCA (ma'aunin ƙarfin batir na tada injin), ka tsaya a kansa ya zaɓi AGM ko EFB (nau'o'in batirin motocin start-stop) a na'urar daidai da abin da ke rubuce jikin batirinka, kuma a bar motar ta huta wasu awanni kafin a gwada.

Ni nawa mai wayarin cewa ya yi ai batir batir ne, ya cire min AGM ya saka na ruwa, bai ma yi masa rajista a kwamfutar motar ba, ita kuwa ta ci gaba da cajinsa kamar tsohon ne a ciki. Ko wata biyar ba a yi ba, da daddare na ɗauko mahaifiyata daga asibiti na tsaya sayen magani, na dawo na danna maɓalli sai ƙas ƙas, shiru. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, tsohuwa tana rawar sanyi a baya tana ce min in yi haƙuri, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na kira shi ya fi sau goma bai ɗaga ba, washegari kuma ba kunya ya ce altaneta ce. Altaneta lafiyarta ƙalau!

In AGM ka tarar to AGM za ka mayar, EFB ne ake iya ɗagawa zuwa AGM amma ba a komawa ƙasa, Ah (yawan cajin da batir ke ɗauka) da CCA su yi daidai da na asali, a sa sikana (na'urar da ake jonawa da kwamfutar mota) a yi rajista. In za a yi maka jan wuta daga wani batir kar a maƙala baƙar waya a kan negatif ɗin batir, akwai sensa a wurin, a jikin ƙarfen mota ake maƙalawa. Ka kuma lura, in AC na aiki da ƙarfi ko injin bai yi zafi ba dama ba za ta kashe kanta ba.

Turo mana hoton rubutun jikin batirin mu gani kafin ka biya kowa.