Hukuncin Sayar da Wayar Sifika Mai Tsada

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan sauti a Kano. Akwai wayoyin sifika masu tsada da kamfani ke rubuta cewa tsantsar jan ƙarfe ne, bakinsu da ruwan zinare, wai suna ƙara wa sauti daɗi. Ya halatta in faɗa wa mai saye haka, in ɗora ribata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tsadar kaya ita kaɗai ba ta haramta ciniki, Malam Alhaji, tunda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta rataya shi a kan yardar juna. Matsalar tana cikin abin da bakinka zai faɗa.

Sai mu fara da wayar kanta. Aikinta ta kai wuta daga amfilifaya zuwa sifika ba tare da ta cinye ta a hanya ba. Abu uku ke hukunta wannan: kauri, tsawo, da irin ƙarfen. Masu sana'ar suna so turjiyar waya, wato yadda take tare wuta a hanya, kada ta haura kashi 5 cikin 100 na ta sifika. Da ma'aunin om ake auna turjiya; idan sifikar mai om 8 ce, iyakar om 0.4 ke nan. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5, tsawon mita 10, zuwa da dawowa tana ba da kusan om 0.24. Ta wadatar. Jan ƙarfen da aka tace daga iskar oksijin, wanda ake rubuta OFC a kwalinsa, fifikonsa a kan na gama-gari wajen ɗaukar wuta bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Saboda haka cewa "wallahi za ka ji bambanci" magana ce ba ilimi, kuma aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana bin abin da ba ka da saninsa. Ka ce kamfani ne ya faɗa, kai ba ka tabbatar ba. Ka yabi abin da ido ke gani: ƙarfin roba, kyan haɗin baki, ƙarko.

Inda haramcin ya fito ƙarara shi ne wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, a sayar da ita da sunan tsantsa. Turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100, tana saurin karyewa a bakin filogi, kuma a doguwar tafiya irin ta lasifikar masallaci murya kan raunana. Gane ta ba wuya: kankare zare ɗaya da reza, in fari ya leƙo to alminiyam ce, ga ta sakwat a hannu. Sayar da ita a ɓoye algus ne, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Mai saye yana da haƙƙin mayar da ita ya karɓi kuɗinsa.

Game da riba, mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne ba a warware ciniki don tsada kawai, sai fa idan mai saye ya ce bai san kan kayan ba, ya miƙa maka amana. Wannan kam ka ba shi a farashin da kowa ke saye.

Ruwan zinaren baki kuwa babu laifi. Shafe ne siriri don hana tsatsa, ba ado ne da namiji ke sawa ba, ba kuma kwanon ci ba.

Wallahu a'alam.