Yadda makin haɗarin CVE zai riƙa sabunta kansa

Malam, tambayarka ita ce yadda makin raunin tsaro na CVE, wato raunukan manhaja da aka sani aka ba kowanne lamba, zai riƙa sabuntuwa ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Kada ka dogara da ma'aunin CVSS kaɗai, don tsanani yake aunawa daga 0 zuwa 10, kuma ba kasafai yake canzawa ba. Mai motsi kullum shi ne makin EPSS na ƙungiyar tsaron intanet ta FIRST, wato hasashen yiwuwar a kai hari ta wannan raunin cikin kwana 30. Saita cron, manhajar da ke gudanar da aiki a lokacin da aka tsara, ya jawo shi kowace safiya, ka haɗa shi ta lambar CVE da jerin KEV, wato jerin raunukan da aka riga aka kai hari ta kansu, na hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA. Duk raunin da ya shiga KEV, a fara toshe shi, komai ƙanƙantar makinsa.

Wajen NVD kuwa, rumbun bayanan raunuka na gwamnatin Amurka inda za ka jawo makin CVSS, nemi mabuɗin API, wato lambar izinin da manhajarka za ta riƙa jawo bayanai da ita. In babu shi, buƙata 5 kacal ake yarje maka a daƙiƙa 30, da shi kuma 50.