Tambaya da Amsa: Miliyan 9 don gyaran harabar gida a Guzape

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, saura mini shekara biyu in yi ritaya. Ni da maigidana mun shekara bakwai muna gini a Guzape, a nan Abuja, yanzu Allah Ya nufa mun tare. Abin da ya rage shi ne harabar gidan, ta kai murabba'in mita 350, ba komai a cikinta sai jar ƙasa da ɓaraguzan gini. Na kira wani mai aikin shuke-shuke ya duba, ya kawo mini takarda mai layi huɗu: intalok (ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa), ciyawa, furanni da bishiyoyi, fitilu. Jimla naira miliyan 9. Ƙanena a Funtuwa ya gyara tasa, bai kashe sulusin wannan ba. Cutata ake son yi don an ga unguwar, ko haka abin yake? In kuɗin bai kai ba, da me zan fara?

Wata Hajiya, daga Guzape

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya sanya alheri, Ya sa kun shiga a sa'a.

Na fi shekara ashirin ina lissafin kayan gini da duba aiki a Abuja, amma da wannan takarda mai layi huɗu ba zan iya ce miki an cuce ki ba, ba kuma zan iya wanke mutumin ba. Bai faɗi murabba'in mita nawa zai shimfiɗa intalok ba, bai faɗi kaurinsa ba, bai faɗi tifa nawa ta baƙar ƙasa zai kawo ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne layin da babu. Duk takardar ba a ambaci ruwa ba, wanda za a kora da damina da wanda za a kawo da rani. A harabar gida a Abuja, nan kuɗi yake tafiya.

Bari mu fara da batun Funtuwa. Ƙanenki yana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a tsakiyar manoma. Baƙar ƙasa tana kusa, takin shanu maƙwabci ma zai iya ba shi, leburansa da ƙafa ko a kan babur za su zo. Ke kuwa kina kan tudu mai duwatsu. A Guzape da Katampe sau da yawa ana fara haƙa ramin bishiya, diga ta ci karo da dutse, sai an nemo masu fasa shi. Ƙasar shuka sai an ɗauko ta daga bayan gari a tifa, tifar kuma dizal take sha tana hawan tudu. Leburorin da za su yi miki aiki ba a Guzape suke kwana ba, daga Mararraba da Nyanya da Mpape suke tasowa da asuba, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin motarsu ya shiga cikin kuɗin yininsu. Intalok kuwa siminti ne da yashi da garin dutse, kin kuma san yadda buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024. Duk wannan tsada ce ta gaskiya.

Akwai kuma wadda ba ta gaskiya ba. Na sha ganin ɗan kwangila ya tsaya a bakin get, ya dubi katanga da motar da ke ciki, ya yanke farashi tun bai ciro tef ya auna ba. Maganin wannan guda ɗaya ne: ki sa a auna harabar a gabanki, a zana ta a takarda, a rubuta nan mota, nan ciyawa, nan bishiya, kowane da faɗinsa. Sai ki ba mutum uku wannan zanen, kowa ya kawo farashin murabba'in mita ɗaya, kayan aiki daban, kuɗin aiki daban. Wanda ya ƙi rarrabewa, ki sallame shi cikin mutunci.

Yanzu ga batun ruwan damina, wanda nake roƙon ki da ki ba shi muhimmanci fiye da komai. A Abuja ana ruwa daga wajen Afrilu har Oktoba, na Agusta da Satumba kuwa kamar da bakin ƙwarya. Wata shekara aka kira ni wani gida da aka gama gyaran harabarsa da rani, aiki gwanin sha'awa a ido. Na je a ƙarshen Agusta. Daidai inda maigidan ke ajiye mota intalok ya lotsa, ruwa ya kwanta. Na durƙusa na sa yatsa biyu na zaro guda ɗaya ba tare da wani ƙoƙari ba, na tarar yashin da ke ƙarƙashinsa ya zaizaye, sai rami. Na juya ga bangon falo, ga gansakuka kore shar ta hau shi har gwiwa, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Uwargidan ta ce mini tun watan jiya kafet ɗin ɗakin yara ke warin danshi. An karkata gangarar ne zuwa jikin gida, ruwan indararo kuma yana zuba a gindin bango. Sai da aka kwashe rabin intalok ɗin aka sake aiki, suka biya sau biyu. Har yau ina jin zafin abin, domin kuɗin sallamar aikin maigidan ne ya tafi a wurin.

Saboda haka layin farko a takardarki ya zama na gyaran ƙasa da lambatu. A kwashe ɓaraguzai, kada a binne su. A fitar da gangara daga jikin gida zuwa waje, kamar santimita biyu a kowace mita. A haɗa ruwan rufi da bututu ya tafi kai tsaye cikin lambatu, lambatun kuma ya faɗa kwalbatin titi, ba gidan maƙwabcin da ke ƙasa da ku ba, don a kan tudu irin naku wannan yana raba zumunci. Sannan a zuba jar ƙasa a bi ta da injin daɓe, ba da ƙafar lebura ba. Intalok mai kaurin santimita 6 ya isa ga motocin gida, in tankar ruwa za ta riƙa shigowa sai a sa mai 8 a hanyarta. Idan aka kawo, ki ɗauki mukullinki ki karci guda. In ya yi ta zubar da gari, an rage masa siminti, a mayar.

Ciyawa ita ce abin da zan ce ki rage. Shuka ta ba ta da tsada sosai, rainonta ne aiki. Daga Nuwamba zuwa Maris sai dai ban-ruwa, kuma a zafin Fabrairu da Maris kowane murabba'in mita yana neman wajen lita biyar a rana. In kika shuka mita 200, lita 1,000 ke nan kullum, jarka 40 mai lita 25. Daga ina? In ruwan famfo na madatsar Usuma yana isowa layinku a kai a kai, to madalla. In rijiyar burtsatse ce, a ƙasa mai dutse ruwanta kan ja baya daidai lokacin da aka fi bukatarsa, kuma injin da ke jan ruwan wuta yake ci. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, naira 225 kowane yunit. Ƙara da albashin mai yanka da ban-ruwa, da maganin gara. Ke da kike shirin komawa kan fansho, wannan hidima ce ta kowane wata. Ni da zan zaɓa miki, ciyawa kada ta wuce mita 40 zuwa 50, a wurin da za ki shimfiɗa darduma da yamma jikoki su yi wasa, a kai kan famfo kusa da ita tun kafin a rufe ƙasa. Sauran wurin da ba mota a zuba tsakuwa a kewaye bishiyoyi, ruwan sama ma ya sami inda zai nutse.

Bishiyoyi kuwa, ina zargin manyan itatuwan ado masu kama da dabino ne suka kumbura miki lissafi. Ana sayar da su da tsayi, ɗauko su sai babbar mota, wasu kuma su bushe bayan wata biyu. Ki je da kanki wurin masu rainon itatuwa a gefen titi, suna ko'ina a garin nan, ki sayi ƙanana a leda. Mangwaro mai aure guda biyu, gwaiba, lemon tsami, gwanda, da zogale a bayan kicin. Mangwaro mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. A bar aƙalla mita biyar tsakaninsa da bango ko ramin sokawe. Ceɗiya da durumi kada su shigo harabar ko kyauta aka ba ki, saiwarsu tana bin danshi har ta fasa bututu. A dasa a Mayu ko Yuni, damina ta raina miki su.

Fitilu su jira. Abin da za a yi yanzu kawai shi ne a binne bututun waya kafin a shimfiɗa intalok, don kada gobe a fasa. Biyan kuɗi kuma kashi-kashi, kowane mataki ki gani da idonki sannan ki biya, a kuma rubuta cewa za ki riƙe kashi ɗaya cikin goma sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku. Ranar da aka yi ruwan, ki fito da lema ki ga inda yake bi.

TAMBAYA: Malam, ciyawar roba fa? An ce mini ba ta son ruwa ko yanka. Ina so in shimfiɗa ta a gaban gidana.

Wani magidanci, daga Jahi

AMSA: Alhaji, gaskiya ne ba ta son yanka, amma ranar Maris tana gasa ta har yaro ba zai iya taka ta da ƙafa ba takalmi ba, ƙurar hunturu kuma tana shiga cikinta sai an bi ta da tiyo. Ita ma tana bukatar daɓe da tsakuwa a ƙarƙashi don ruwa ya wuce, in ba haka ba za ta yi wari da damina. In wurin ƙarami ne kuma yana cikin inuwa, kamar gefen baranda, ka sa. In fili ne da rana ke duka tun hantsi, ka nemi a ba ka ɗan yanki ka ajiye a wurin, ka taka shi da azahar kafin ka biya.